An Gama Gadar Sama, Amma Mma Ta Ƙasa Take Tsallakawa: Laifin Wane Ne?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni 'yar Madina Zongo ce. Mahaifiyata ta haura shekara 65, tana fama da ciwon gwiwa, kuma kusan kullum bayan la'asar sai ta tsallaka babban titi ta je kasuwa ta sayo kayan waakye da muke dafawa, ta dawo wajen magariba da kaya a ka. Tun da aka gama gadar sama nake fama da ita ta riƙa hawa, ita kuwa ta ce ƙafarta ba za ta iya ba, gara ta jira motoci su ragu ta bi ta ƙasa. Watan jiya mota ta kaɗe yaron maƙwabtanmu ɗan makaranta, Allah ya sa da sauran kwana, amma ƙafarsa ta karye. Mutane suna cewa taurin kanmu ne, an yi mana gada mun ƙi hawa. Da gaske laifinmu ne? Yaya zan yi da Mma, kuma me unguwa za ta iya yi?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba yaron lafiya, ya sa kaffara ne, ya ƙara wa Mma lafiya da nisan kwana.

Abu uku kika tambaya a dunƙule: ko laifin masu tsallakawa ne, yadda za a yi da Mma, da abin da unguwa za ta iya. A kan na farko zan fi daɗewa, don idan aka gane shi sauran biyun ba su da wuya. Damuwarki tana kan hanya, Mma tana cikin haɗari na gaske. Amma abin da ke kashe mutane a titin nan gudu ne. An shimfiɗa titin da ke kiran direba ya taka mota, an ratsa da shi ta tsakiyar gari mai kasuwa da makarantu da masallatai, sannan aka bar wa mai ƙafa ya san yadda zai yi da kansa. Ni aikin hanya na karanta, kuma mafi yawan aikina a bakin titi nake yinsa, ina ƙidayar motoci da mutane, ina auna gudu. Daga can na samo abin da zan faɗa miki.

Yadda titin ya raba gari biyu

Titin da Mma ke tsallakawa shi ne N4, wanda ya taso daga mahaɗar Tetteh Quarshie da ke Accra, ya bi ta Legon da Madina da Adenta, ya haura Aburi ya nufi Koforidua. Manyan unguwa za su tuna lokacin da yake ɗan siriri, cunkoso ya hana kowa sakat. Mutane sun koka da wannan cunkoso, kuma suna da gaskiya. Da aka faɗaɗa shi aka ba mota layuka da yawa a kowane hannu, sai gudu ya ƙaru. Kasuwar Madina kuwa tana nan inda take, makarantu suna nan, 'yan'uwa suna nan a ɗaya gefen. Gadojin ƙafa shida da aka fara ginawa tsakanin Madina da Adenta aka bar su shekara da shekaru ba a kammala ba.

Kin san abin da ya biyo baya. Ranar 8 ga Nuwamba 2018 mota ta kaɗe wata ɗalibar makarantar sakandare ta WASS da ke Adenta, ta rasu. Jama'a suka fito, suka tare titin, suka ƙona tayoyi. Bayan wannan rana ne aka dawo da 'yan kwangila aka ƙarasa gadojin, har da ta Zongo Junction. Ina kawo wannan tarihi ne don duk mai cewa mutanen Madina ba su damu da ransu ba ya tuna cewa su da kansu suka fito neman hanyar tsallakawa.

Labarin N1 ma haka yake. Titin George Walker Bush, mai tsawon kilomita 14 daga Tetteh Quarshie zuwa Mallam, an buɗe shi a Fabrairun 2012 da tallafin Amurka. Titi ne mai kyau ga mai mota, amma ya ratsa Lapaz da Kwashieman, inda dubban mutane ke sauka da hawa trotro, kuma tun daga lokacin sunan Lapaz bai fita daga jerin wuraren da ake yawan kaɗe mutane ba.

A 'yan shekarun nan haɗarin mota yana cin ran sama da mutum 2,000 a Ghana kowace shekara. A duniya, bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan ɗaya cikin biyar na masu mutuwa a titi masu tafiya a ƙafa ne. A Accra abin ya wuce haka. A 2015 birnin ya shiga shirin kiyaye haɗurra na gidauniyar Bloomberg, kuma rahotannin da majalisar birnin Accra, AMA, ke fitarwa suna nuna cewa masu ƙafa su ne kaso mafi girma na waɗanda ke rasa rai a titunan birnin. Dalilin a fili yake: yawancinmu da ƙafa muke fara kowace tafiya, da ƙafa muke ƙarasa ta, ko da trotro muka shiga a tsakani.

Lissafin da Mma take yi a bakin titi

Bari mu tsaya tare da Mma a bakin kwalta mu yi lissafin da take yi da ido. A ɗauka layi uku ne a hannun da za ta fara tsallakawa, kowane layi kusan mita uku da rabi, jimla mita goma da ɗoriya. Mai ƙarfi a jika yana cin kusan mita 1.2 a sakan ɗaya, wato sakan tara ya isa tsakiya. Tsohuwa mai ciwon gwiwa da kaya a ka za ta kai sakan 13. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowane sakan. Ke nan don Mma ta tsallaka lafiya, sai motar da ke tafe tana nesa da kusan mita 300 a lokacin da ta sa ƙafa. Idon ɗan Adam ba ya iya gane gudun motar da ke tunkaro shi daga wannan nisa, balle da magariba, lokacin da fitila biyu kawai ake hangowa. Mma ba ganganci take yi ba. An ba ta lissafin da babu mai iya yinsa daidai kullum, kuma kuskure ɗaya ya isa.

Yanzu ta ɓangaren direba. Daga ganin mutum zuwa taka birki, direban da hankalinsa ke kan titi yana ɗaukar kamar sakan ɗaya. Idan yana gudun 30, zai tsaya cak a cikin mita 13 ko 14. Idan yana gudun 50, a wannan mita 14 ɗin ƙafarsa ce ma take isa kan birki, motar ba ta fara raguwa ba, kuma sai ya kusa mita 28 zai tsaya. A gudun 80 sai wajen mita 60. Wannan duk idan taya lafiyayya ce, birki na aiki, kwalta a bushe take, kuma ba ya duba waya. Ki sa tayar gwanjo da ruwan damina a lissafin ki gani.

Jikin mutum ma yana da iyakar dukan da zai ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan gudun motar da ta bugi mai ƙafa ya tashi daga 50 zuwa 65, haɗarin mutuwa yana ninkuwa sau huɗu da rabi. Shi ya sa dokar hanya ta 2012, L.I. 2180, ta sa iyakar gudu 30 a kusa da makaranta, asibiti, masallaci, coci da kasuwa, 50 a cikin gari, 90 a babbar hanya, 100 a motowe. Dokar ba ta da laifi. Matsalar ita ce direba titi yake karantawa kafin ya karanta allo. Idan ya ga kwalta miƙaƙƙiya, layuka masu faɗi, babu abin da zai tsayar da shi, ƙafarsa za ta danna ko da an kafa allon 50 a kowane taku. Na sha tsayawa da na'urar auna gudu a irin waɗannan tituna da sassafe da kuma bayan isha'i, lokacin da cunkoso ya watse, kuma masu bin iyakar su ne 'yan tsiraru. A cikin masu wuce ta akwai 'yan trotro, akwai manyan mutane a motoci masu tsada, akwai alhazai da muke sallah sahu ɗaya da su.

Me ya sa gadar ba ta warware matsalar ba

Gadar sama dole ta yi tsayin da babbar tirela za ta wuce ta ƙarƙashi, wato sama da mita biyar. Mai hawa ta matakala kamar ya hau bene hawa biyu ne ya sauko. Idan aka yi mata gangara don keken guragu da tsofaffi, ƙa'ida ita ce kowane mita ɗaya na tsayi ya samu aƙalla mita 12 na tsawo, don kada hawan ya yi tsauri. Sai gangarar ta kai wajen mita 70 a kowane gefe, ban da wuraren hutawa. Tsallakawar da a ƙasa ba ta wuce mita 30 ba ta koma kusan 200, wajen 70 daga ciki hawa ne. Ki ƙara da tafiyar da mutum zai yi daga inda trotro ya sauke shi zuwa ƙafar gadar, da dawowa daga ɗaya gefen zuwa inda ya nufa.

Duk lokacin da na tsaya ƙidaya a wurin da ke da gada, abu ɗaya nake gani. A sama samari ne da 'yan mata da ma'aikata masu 'yar jaka. A ƙasa kuwa tsofaffi ne, da masu ciki, da mai goyo riƙe da hannun wani yaron, da 'yan kaya da kwano a ka, da masu tura amalanke. Waɗanda suka fi kowa buƙatar kariya su ne gadar ta fi yi wa wuya. Da dare wani dalilin ke shigowa: gadar da fitilunta suka mutu, mace ba za ta hau ta ita kaɗai ba, kuma ban ga laifinta ba. Da rana kuma masu talla sun cinye rabin faɗin wasu gadojin, wani lokaci har babur ke bi ta gangarar.

Akwai wata illa da ba a cika faɗa ba. Da zarar an gina gada, direba yana ɗauka an share masa hanya, ba ya sa ran ganin kowa a ƙasa, sai ya ƙara wuta. Idan kuma ya kaɗe mutum, tambayar farko da ake yi ita ce me ya hana shi hawa gada, ba a tambayar gudun nawa motar take yi. Wannan ne ya fi ci mini rai a duk maganar.

Gada tana da wurinta. A kan motowen Accra zuwa Tema, inda gudu ya kai 100 kuma ba a tsara tsayawa ba, babu wata hanya sai sama ko ƙarƙashin ƙasa. Haka a kan layin dogo ko babbar kwata. Kuma ki sani, dokar nan ta 2012 ta mai da ƙin hawa gada laifi a inda aka samar da ita, 'yan sanda suna kama mutane a kai. Ba na ce wa kowa ya karya doka. Matuƙar titin yana yadda yake yau, gadar ta fi ƙasa aminci nesa ba kusa ba. Abin da nake cewa shi ne a tsakiyar gari irin Madina bai kamata ta zama ita kaɗai ce mafita ba.

Akwai abin da nake nuna wa matasan da ke koyon aiki a hannuna. Idan mun je wuri, kafin mu buɗe takarda, sai mu duba tsakiyar titin. Za ka ga inda ciyawa ta mutu, ƙasa ta yi santsi saboda sawu. Za ka ga inda aka lanƙwasa ƙarfen shinge daidai faɗin mutum ɗaya, wani bawan Allah ma ya ajiye bulo a gindin don tsofaffi su taka. Ka ɗaga kai, za ka tarar ƙofar kasuwa ko tashar trotro tana daidai wurin. Mutane sun riga sun nuna inda suke buƙatar tsallakawa. Aikin injiniya shi ne ya mai da wannan wuri mai aminci. Idan ya toshe shi kawai, za a buɗe wani a gaba kaɗan, wataƙila a wurin da ya fi muni.

Sauran abubuwan da ke tura mu cikin kwalta

Duhu na gaba. A Accra rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara, kuma duhu yana rufewa da sauri. Lokacin ne kasuwa ke tashi, ma'aikata ke komawa gida, yara ke tafiya makarantar dare, wato lokacin da Mma take dawowa. Ƙaramar fitilar mota tana haska 'yan mita goma-goma ne kawai, kuma mai baƙaƙen kaya sai an zo dab da shi ake ganinsa.

Sai tarkon da ya fi cin yara. Trotro ya tsaya ya sauke fasinja, ko wani direba mai kirki ya tsaya a layin farko ya yafito yaro ya wuce. Yaron ya ruga, motar da ta tsaya ta kare shi daga idon mai zuwa a layi na biyu, shi ma ba ya ganinta. Saboda wannan ne nake adawa da a shafa fentin zebra kawai a titi mai layuka da yawa da gudu, a tafi. Fenti yana ba mai ƙafa ƙwarin gwiwa, amma ba ya rage gudun kowa.

Sannan gefen titi. A yawancin unguwanninmu babu hanyar ƙafa, inda take kuma kwantena da teburan talla da motocin da aka ajiye sun cinye ta, ko kwata ce a buɗe. Wanda ya bi titin Nima ranar Laraba ya san mutum da aboboyaa da okada duk a kwalta ɗaya suke. Korar masu talla da ake yi lokaci-lokaci ba ta ɗorewa, don mai talla inda ƙafa take yake bi, kuma da wannan tebur ake ciyar da gida. Abin da na ga ya fi aiki shi ne a zauna da shugabanninsu, a ja layi, a bar wa masu wucewa kamar mita biyu, su da kansu su tsare layin.

Mu ma muna da namu kason, kuma gara mu faɗa wa kanmu. Muna kafa rumfar biki ko ta zaman makoki mu toshe hanyar ƙafa. Ranar Juma'a muna ajiye motoci har bakin mahaɗa, ta yadda mai fitowa ba ya ganin komai. Ranar Sallah samarinmu suna wasa da babura a cikin taron yara. Okada yana bin hannun da ba nasa ba, yana keta danja. Waɗannan ba sai gwamnati ta zo ba.

Abin da ke aiki

Duk maganin da ya yi aiki a ko'ina, gudu ya rage. Misali mafi kusa a ƙasarmu yake. A mahaɗar Suhum, kan hanyar Accra zuwa Kumasi, an sa ƙananan kunyoyin nan masu girgiza mota, kuma binciken da aka yi tsakanin 2000 da 2001 ya nuna haɗurra sun ragu da kusan kashi 35 cikin ɗari, mace-mace da kusan kashi 55. Kuɗin aikin bai kai ko kusa da na gada ɗaya ba. A Suwidin tun 1997 suka ɗora tsarin hanyoyinsu a kan cewa ɗan Adam zai yi kuskure, don haka titi ne za a gina yadda kuskure ba zai zama ajali ba. Taron ministocin duniya da aka yi a Stockholm a 2020 shi ma gudun 30 ya nema a duk inda mota da mai ƙafa suke cakuɗuwa.

A babban titi irin N4, abin da zan nema shi ne mashigar ƙasa mai danja a wuraren da mutane suka fi tsallakawa, a ba mai ƙafa lokacin da zai ishi tsohuwa, ba saurayi ba. A tsakiya a yi tsibiri mai faɗin aƙalla mita biyu, mai shinge, inda mutum zai tsaya da kayansa ya huta, ya fuskanci hannu ɗaya a lokaci ɗaya. A haska mashigar sosai. A matso da tashar trotro kusa da ita, daidai inda mota ta ɗan wuce mashigar, don fasinja ya tsallaka ta bayan mota. A rage faɗin layuka tun daga nesa don direba ya ji a jikinsa cewa ya shigo gari. Kyamarar kama masu gudu tana taimakawa idan tarar tana isa ga kowa ba sani ba sabo.

Direbobi za su ce ana ɓata musu lokaci. Tafiyar kilomita biyu a gudun 80 sakan 90 ce, a gudun 50 kuma sakan 144. Bambancin bai kai minti ɗaya ba, kuma yawanci a cunkoson gaba ake mayar da shi.

A ƙananan titunan cikin unguwa, mashigar da aka ɗaga ta yi daidai da gefen titi ta fi komai, musamman a ƙofar makaranta da masallaci. Amma ina roƙon matasanmu su daina tara siminti ko ƙasa da kansu bayan an yi haɗari. Na san zafin rai ne ke sa su. Tudun rage gudu na ƙa'ida tsayinsa bai wuce santimita 10 ba, tsawonsa kusan mita huɗu, da fenti da allon gargaɗi. Wanda ake yi cikin dare, gajere mai tsini babu alama, yana kayar da mai babur, yana wahalar da mai naƙuda a motar asibiti. A babban titi mai gudu kuwa tudu ba tare da gargaɗi ba shi kansa haɗari ne.

Mma

Faɗa ba zai sa gwiwarta ta warke ba, don haka ki canza tafiyar maimakon ki canza Mma. Abu na farko, raba ta da kayan. Tsohuwa da za ta iya hawa gangara a hankali hannu sake, ba za ta iya da buhun wake a ka ba. A sa jika ya raka ta, ko a haɗa kuɗi da sauran masu sana'a a ɗauki aboboyaa ɗaya ya kawo kayan kowa. Na biyu, lokaci: ta je da hantsi ko da azahar, ta dawo da sauran rana. Na uku, idan akwai motar da za ta zagaya ta sauke ta a gefen gida, 'yan sidin da za a ƙara sun fi kuɗin asibiti sauƙi. In da hali, sarin kwana uku a tafiya ɗaya ya rage tsallakawa. Maganar gwiwar kanta ta likita ce, ba tawa ba, amma ki kai ta, don duk saurin da ta ƙara a tafiya kariya ce.

A duk titin da babu gada kuma dole ta tsallaka, ta nemi wurin danja ko wurin da ke da haske, ta shiga cikin jama'a, ta yafa farin mayafi idan yamma ta yi. Tun 1974 hannun dama ake tuƙi a Ghana, don haka hagu za ta fara dubawa, amma ta duba dama ma saboda okada. Kada ta bi ta gaban motar da ta tsaya sai ta leƙa layi na gaba. Yaran gida kuma, wanda bai kai shekara goma ba kada a bar shi ya tsallaka babban titi shi kaɗai, don a wannan shekaru yaro bai iya auna gudu da nisa ba, komai wayonsa.

Idan tsautsayi ya auku, a kira 112. Wanda ake zaton ya bugu a wuya ko baya kada a cicciɓe shi a ɗora a babur. Kada a taɓa direba, don tsoron duka ne ke sa da yawa su gudu su bar mutum kwance. Kuma a kai rahoto ga 'yan sandan kula da hanya, wato MTTD. Mun saba a sasanta a gida, direba ya biya kuɗin ɗori, a ce Allah ya kiyaye gaba. Yafiya abu ne mai kyau, amma a rubuta tukuna. Da rahoton 'yan sanda ake neman diyya daga inshorar motar, kuma Hukumar Inshora ta Ƙasa tana da asusun tallafa wa wanda motar da ta gudu ko marar inshora ta buge. Bayan haka, cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta BRRI da ke Kumasi daga takardun 'yan sanda take tattara ƙididdigar haɗurra, kuma da wannan ƙididdiga ake zaɓen wuraren da za a gyara. Haɗarin da ba a rubuta ba, a wurin masu tsara aiki bai faru ba. Ki tambayi maƙwabtanku ko sun kai rahoton yaron.

Unguwa

A san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. N4 a hannun hukumar manyan hanyoyi, Ghana Highway Authority, yake. Titunan cikin gari na sashen hanyoyin birane ne, Department of Urban Roads, tare da majalisar La Nkwantanang-Madina, wadda ita ma take da hannu a fitilun titi da tsarin tashoshi da masu talla. Hukumar kiyaye haɗurra ta NRSA, wadda dokar 2019 ta ƙara wa iko, tana iya bin sauran hukumomi a kan ƙa'idojin aminci, don haka a ba ta kwafin duk takardar da aka rubuta.

Takardar da ke cewa titi yana kashe mu, a taimaka, a aljihun tebur take ƙarewa. Wadda ake kulawa ita ce mai faɗin wuri takamaimai, da ranakun da aka kaɗe mutane, da lokutan, da hotuna, da adadin mutanen da ke tsallakawa a awa ɗaya da yamma, wanda ɗalibai biyu da littafi za su iya ƙirgawa. A nemi abu biyu ko uku da za a iya yi bana: gyaran fitilun gada da na titi, matso da tashar trotro, mai tsallakar da yara a lokacin tashi daga makaranta. Mashiga mai danja a babban titi tana buƙatar nazari da kuɗi, za ta ɗauki lokaci, amma a sa ta a takardar tun yanzu. Sarkin Zango da limamai da shugabannin makarantu da shugabar matan kasuwa su sa hannu, asambuliman, wato wakilin unguwa a majalisa, ya gabatar. A kuma zauna da shugabannin ƙungiyar direbobin haya ta GPRTU na tasha, don yawancin direbobin nan 'yan'uwanmu ne, kuma maganar da liman ya yi a huɗuba a kan gudu da haƙƙin rai tana isa inda allo ba ya isa.

Idan kun kai takardar, ku karɓi kwafi mai hatimi da kwanan wata, ku sa mutum ɗaya ya riƙa komawa yana tambaya. Ku matsa a tattauna ta a zaman majalisa kafin a rufe kasafin shekara mai zuwa, don aikin da bai shiga kasafi ba sai ya jira wata shekarar.